Wai Konstantin ne ya yi wa addinin Kirista riga da wando?

Auwal: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya wani ya kawo waya shagona a sauya mata gilashi, muna jiran gam ya kama sai hira ta kai mu tarihi. Ya ce addinin Kirista 'yar ƙungiya ce a lungunan Falasɗinu, sai da Sarkin Rum Konstantin ya ɗauke ta ya ɗora wa mutane da takobi. Ni dai maganar ta zauna mini. Yaya za a yi abin da ya fara da almajirai goma sha biyu ya cinye daula guda in ba da ƙarfin sarki ba? Baba Ishaya, kai ka koya mana tarihi, a warware mana.

Bitrus: Ƙarya ce tsagwaronta. Ikon Allah ne, ba na wani sarki ba.

Hajiya Binta: Bitrus, a hankali. Tambaya ya yi, ba zagi ba. Kun san dokar gidan nan: a kawo hujja, kada a taɓa aƙidar kowa.

Baba Ishaya: Auwal ɗana, mai wayar nan ya tsallake shekara kusan ɗari uku kamar ya tsallake kwata. Konstantin ya ci yaƙin gadar Milbiyan a 312, a 313 shi da abokin mulkinsa Lisiniyus suka sakar wa kowa mara ya yi addininsa. To tun 64 Sarki Nero ya samu Kiristoci a birnin Rum da yawan da zai iya ɗora musu laifin gobarar da ta cinye gari. Amma bari in ba ka wadda na fi so, don ba Kirista ne ya rubuta ta ba. Wajen 112 wani gwamna mai suna Filini yana riƙe da lardin Bitiniya, arewacin Turkiyya ta yau. Ya rubuta wa Sarki Tarajan wasiƙa yana neman shawara, don shari'ar Kiristoci ta ishe shi. Ya ce yakan tambayi mutum sau uku ko shi Kirista ne, yana yi masa barazana. In ya kafe, a tafi da shi a kashe. Wanda ya musa, sai a kawo gunkin sarki ya zuba turare da ruwan inabi, ya zagi Almasihu, a sallame shi. Ya sa an azabtar da kuyangi biyu da ke hidima a ikilisiya don su faɗi sirri, bai samu komai ba sai cewa suna taruwa kafin asuba a wata rana sananniya, su yi waƙa, su yi alkawarin ba sata ba zina ba cin amana, daga baya su ci abinci tare. Abin da ya ɗaga masa hankali shi ne abin ya shiga manya da yara, maza da mata, masu hali da talakawa, kuma ya bar birni ya shiga ƙauyuka. Har ya ce gidajen gumaka sun kusa zama kufai, naman hadaya ya rasa mai saye. Shekara ɗari biyu ke nan kafin Konstantin.

Auwal: Ranka ya daɗe na ji. Amma gwamna ne fa yake rubuta wa ubangidansa. Ko yau ma'aikaci in yana son a ga yana aiki, sai ya mai da ɓera giwa. Kuma lardi ɗaya ne a daular da ta kama daga Ingila har Masar.

Baba Ishaya: Wannan kuwa ka yi tunani. Zai yiwu ya ƙara gishiri. Sai dai gishiri a miya ake ƙara shi, ba a tukunyar da babu komai ba.

Nura: Ku bar ni da lissafi, aikina ne. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Rodni Stak, ya yi wani ƙiyasi. Ya ce a ɗauka Kiristoci 1,000 ne a shekara ta 40, kuma suna ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari duk shekara goma. Na buga da kaina a waya: a 100 ba su kai 8,000 ba. A 200 sun ɗan haura 200,000. A 250 sun wuce miliyan ɗaya. A 300 sun haura miliyan shida, wato kusan kashi 10 na daular da ake ƙiyasta mutanenta miliyan 60. Kashi 40 a shekara goma bai kai kashi 4 a shekara ba. Ma'ana mutum talatin su jawo mutum ɗaya a shekara, shi ke nan. Auwal, kamar adashe ne da ba a kwasa: shekarun farko ba ka ganin komai, can gaba sai ka ga ya fi ƙarfin asusu. Ba a buƙatar takobi a wannan lissafin.

Malam Tukur: Malam Nura, lissafinka ya yi kyau, sai dai ba ƙidaya ba ce. Mutumin ya zaɓi inda zai fara da inda zai tsaya, sannan ya nemo adadin da zai haɗa su. Babu malamin ƙidaya da ya bi gida gida a zamanin. Mu ma karɓi kashi 10 ɗin haka nan. To ina sauran 90? A 300 mutum tara cikin goma ba Kiristoci ba ne, mafi yawansu suna yanka wa gumaka. A 400 dokar ƙasa ta haramta yankan. Me ya faru a tsakani? A nan ne Auwal yake da gaskiya, ko da mai wayarsa ya ɓata ta da zuzutawa. Konstantin ya mayar wa coci kadarorin da aka ƙwace, ya ɗauke wa malaman coci hidimomin gari masu cin dukiya, ya yarda a bar wa coci gado, a 321 ya sa Lahadi ta zama ranar hutu a birane, ya gina manyan majami'u a Rum da Ƙudus da kuɗin baitulmali. Duk mai neman muƙami ya ga inda iska ke kaɗawa. Sannan Sarki Tiyodosiyus ya zo a 380 ya ce ga aƙidar da talakawansa za su bi, a 391 da 392 ya hana hadaya, har turaren da mutum zai ƙona wa gunkinsa a cikin gidansa. A wannan tsakanin aka rushe babban haikalin gunki Serafis na Iskandariya. Wannan ba wa'azi ba ne.

Bitrus: Allah gafarta Malam, ai masu gumakan ma sun kashe mu shekara ɗari uku. Jinin shahidai ne iri, haka Tartuliyan, wani marubucin coci na dā, ya faɗa. Duk wanda aka jefa wa zaki, goma suke tuba.

Baba Ishaya: Bitrus, zan taka ka kaɗan ko da ɗan cocinmu ne kai. Ba shekara ɗari uku aka yi ana kisa ba dare ba rana. Tsananin yakan tashi a gari ɗaya ya lafa, a yi shekaru lafiya. Tarajan da kansa ya amsa wa Filini cewa kada a bi su ana farauta, kuma kada a karɓi ƙarar da ba ta da sunan mai ita. An yi shahidai na gaske: mutum goma sha biyu daga garin Sili da aka sare a Kartaj, a Tunisiya ta yau, a 180, Farfetuwa da Filisita a 203, ita Farfetuwa da jariri a nono. Amma farautar da ta game daula duka ba ta zo ba sai 250, da Sarki Desiyus ya ce kowa ya yi hadaya a gaban jami'ai a ba shi takardar shaida. An tono irin takardun nan fiye da 40 a Masar, da sunan mai ita da sa hannun shaidu cewa sun ga ya zuba ruwan inabi ya ɗanɗana naman. Kuma ka san me ya faru? Kiristoci da yawa sun bi layi sun yi. Wasu suka ba da na goro aka rubuta musu takardar ba su yi ba. Bishop Sifiriyan na Kartaj ya yi ta kuka da wannan, kuma rigimar ko a karɓi waɗanda suka faɗi ta raba ikilisiyar Rum biyu. Kada mu mai da kakanninmu mala'iku.

Bitrus: To Baba in haka ne me ya riƙe su?

Anti Rahila: Ni zan amsa wannan, don shekarata ashirin da shida ina jinya. Annoba biyu manya sun faɗa wa daular, ɗaya daga 165, ɗaya wajen 250. Bishop Diyonisiyus na Iskandariya ya rubuta yadda mutane ke tura 'yan uwansu waje tun da sauran numfashi, su kuwa masu bi suna zama da marasa lafiya, suna wanke gawa, da yawa suka kamu suka bi su. Na san bishop ne, zai yabi nasa. Amma abin da na gani da idona a lokacin amai da gudawa shi ne, wanda aka samu mai ɗaga masa kai yana ba shi ruwa cokali cokali, ana juya shi ana sauya masa shimfiɗa, sau da yawa yakan tashi ko babu wani magani na kirki. Wanda aka rufe wa ƙofa ƙishirwa ce ke ƙarasa shi. To ka ɗauka kai mai bautar gumaka ne, danginka sun gudu, maƙwabciyarka Kirista ta yi ta kawo maka kunu har ka miƙe. Ranar da ta ce ka zo taronsu, me za ka ce mata? Kuma ba lokacin annoba kaɗai ba. A 251 bishop na Rum, Karniliyus, ya lissafa ma'aikatan cocinsa a wata wasiƙa, dattawa 46, ya ce suna ciyar da gwauraye da mabuƙata fiye da 1,500. A lokacin da addinin yake haramtacce ke nan fa.

Auwal: Anti, ai wannan ma sayen mutane ne da abinci.

Anti Rahila: Kira shi abin da ka ga dama, ƙanena. Ka dai ce takobi, yanzu ka koma kunu.

Nura: Anti ta ci wannan zagayen.

Baba Ishaya: Ga shaidar abokin gaba a kan maganar Rahila. Yuliyan, ɗan ɗan'uwan Konstantin, ya hau mulki a 361 ya juya wa addinin baya, ya so ya farfaɗo da gumaka. Ya rubuta wa babban bokan gumaka na Galatiya yana faɗa, wai abin kunya ne Galilawan nan, wato Kiristoci, suna ciyar da matalautansu har da namu. Ya ba da umarni a buɗe masaukin baƙi, a raba hatsi. Bai kai shekara biyu ba ya mutu a yaƙin Farisa a 363. Shi ma sarki ne, da soja da baitulmali, amma bai juya akalar ba.

Malam Tukur: Wata ashirin ya yi, Baba. Da ya yi shekara talatin irin ta Konstantin, da wata maganar muke yi.

Baba Ishaya: Zai yiwu. Ba zan rantse ba.

Auwal: To batun taron Nikiya fa? Mutumin ya ce a can Konstantin ya zauna ya zaɓi littattafan da za a sa a Baibul, ya ƙone sauran.

Baba Ishaya: Wannan ce ta fi yawo a waya, kuma ita ce ta fi rashin tushe. Taron nan na bishop bishop a 325 ya bar takardunsa: bayanin bangaskiya, dokoki 20 na tsarin coci, da batun ranar Ista. Babu jerin littattafai a ciki. Rigimar da ta tara su ta Ariyus ce, wani malamin coci a Iskandariya, a kan matsayin Almasihu. Linjila huɗu kuwa Bishop Iraniyus na Liyon ya riga ya ƙirga su tun wajen 180. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda suke yau ya fito a wasiƙar 367 ta Atanasiyus, bishop na Iskandariya kuma babban abokin hamayyar Ariyus, Konstantin ya shekara 30 a kabari.

Malam Tukur: Na yarda da Baba a kan littattafai, kuma ina roƙon 'yan uwana mu daina yaɗa waccan, tana kunyata mu a gaban masu karatu. Abin da muka yi imani da shi game da Annabi Isa, alaihis salam, ba ya buƙatar ƙagaggen tarihi. Amma a lura: sarki ne ya kira taron, shi ya ɗauki nauyin tafiyar bishop bishop, kuma da aka gama shi ya kori Ariyus da bishop biyu da suka ƙi sa hannu. Saɓanin malamai ya zama laifin da hukuma ke hukuntawa.

Baba Ishaya: Haka ne. Sai dai sandar ba gefe ɗaya ta daka ba. Shi Konstantin ɗin ya dawo ya kori Atanasiyus a 335, kuma wanda ya yi masa baftisma a gadon mutuwarsa a 337, Yusibiyus na Nikomidiya, mai goyon bayan Ariyus ne. Ɗansa Konstantiyus ma can ya karkata. Da sarki ne ke yanka aƙida shi kaɗai, da ba ta Nikiya ce ta tsaya ba.

Hajiya Binta: Ni tambayata ta mata ce. Kafin a gina musu manyan coci, a ina suke taruwa?

Baba Ishaya: A gidajen mutane, Hajiya. Shi ya sa sunayen mata suka cika wasiƙun Bulus da Ayyukan Manzanni, irin su Lidiya mai sayar da tufafin shunayya a Filibi, wadda ta sauke su a gidanta. Akwai wani gari a bakin kogin Furat a Siriya, Dura Yurofos. Wajen 256 sojojin Rum suka cike gidajen da ke jikin ganuwa da ƙasa don su tare Farisawa, sai ƙasar ta adana su. Da aka tono a shekarun 1930 aka samu wani gida irin na kowa, da tsakar gida a tsakiya. An rushe bangon da ke tsakanin ɗaki biyu aka mai da su zaure ɗaya mai cin mutum sittin zuwa saba'in. A wani ƙaramin ɗaki aka gina kwamin baftisma, a bango an zana makiyayi da tunkiya a kafaɗa, da mutumin da aka warkar yana ɗauke da gadonsa. Daga titi ba abin da zai nuna maka coci ne. A layin nan kuma akwai majami'ar Yahudawa da ɗakin bautar gunki Mitra. Amma zuwa 303, da Sarki Diyokletiyan ya fara babban tsanani, cocin da ya fara rushewa a Nikomidiya, birnin da yake zaune, ana hango ta daga fadarsa. Daga zauren mutum saba'in zuwa ginin da ke tsone wa sarki ido, shekara hamsin, kuma babu sarki Kirista ko ɗaya a ciki.

Malam Tukur: Bari in taimaki ɓangaren Baba da abin da ke cikin littattafanmu, don adalci. Da Sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha wajen 615, Najjashi Kirista suka tarar, kuma Habasha ba ta taɓa zama lardin Rum ba. Najran ma a kudancin Larabawa Kiristoci ne, su Sarkin Yaman Zu Nuwas ya yi wa kisan gilla wajen 523, kuma malaman tafsiri da dama sun danganta ƙissar Ashabul Ukhdud da su. Takobin Konstantin bai je can ba.

Auwal: Allah gafarta Malam, ai Habasha ma sarki ne ya karɓa. Ba Izana na Aksum, babban birnin Habasha na lokacin, ba? Na ga hoton kuɗinsa, na farko da jinjirin wata da faifai, na baya da gicciye. Armeniya ma sarki ne. Ko nan Kano ai sai da Wangarawa suka shiga fadar Sarki Yaji. Duk inda ka duba sai ka ga rawani a ciki.

Nura: Kai, yaron nan ya yi karatu a ɓoye.

Baba Ishaya: Ya yi, kuma na ji daɗi. Amma duba yadda ta faru a Aksum. Furumentiyus yaro ne ɗan Taya da aka kama a jirgin ruwa aka kai fada bawa. Da ya samu wuri, abin da ya fara yi shi ne neman fataken Rum Kiristoci da ke ƙasar ya sama musu wurin addu'a. Fatake sun riga sarki. Daga baya Konstantiyus ya aika wa Izana wasiƙa cewa a turo Furumentiyus, wanda Atanasiyus ya naɗa bishop na Aksum, zuwa Masar a sake bincikar aƙidarsa, Habasha kuwa ta ci gaba da bin Iskandariyar Atanasiyus. Sannan ga Farisa, inda babu rawanin da za ka nuna. Can tubar Konstantin masifa ta jawo musu: Sarki Shafur na Biyu ya ɗauke su 'yan leƙen asirin Rum, daga wajen 340 ya yi ta karkashe su shekaru da dama. Ba a taɓa yin sarkin Farisa Kirista ba. Duk da haka cocin nan ta rayu, ta bi hanyar fatake har wani malaminta Alofen ya isa babban birnin Sin a 635. Dutsen da aka kafa a 781 mai ba da labarin yana nan a birnin Shiyan.

Malam Tukur: Ta rayu, amma ba ta taɓa zama mafi rinjaye ba, ko a Farisa ko a Sin. Rayuwa daban, cinye ƙasa daban. Inda ta cinye ƙasa, da sarki a ciki.

Anti Rahila: Inda sarki ya shiga kuma, ya tarar da ita a tsaye.

Auwal: To ni abin da ya rage mini: in kashi 10 ne kawai, me Konstantin ya gani a jikinsu? Ɗan siyasa ba ya bin tsiraru.

Baba Ishaya: Shi ya sa ni nake ganin da gaske ya yi imani, irin imanin soja da ke neman Allahn da zai ba shi nasara. Manyan Rum masu ƙasa da yawancin sojoji ba Kiristoci ba ne a 312. Amma bai saki ɗayan hannun ba: gunkin Rana ya ci gaba da fitowa a kuɗinsa shekaru bayan haka, kuma ya riƙe sarautar shugaban bokayen Rum har ya mutu.

Nura: Ko kuma ya ga ƙungiya ɗaya tilo mai shugaba a kowane birni, mai asusu, mai aika wasiƙa daga Siriya zuwa Faransa, wadda aka yi shekara takwas ana duka ba ta watse ba har Sarki Galeriyus ya haƙura a 311. Ni da ni ne sarki, da na so su zama nawa.

Bitrus: Yaya Nura kai komai sai ka mai da shi kasuwanci.

Auwal: Baba, tambaya ta ƙarshe. Yaushe aka rufe gidan gunki na ƙarshe?

Baba Ishaya: Na ƙarshe dai ba a rantsuwa, amma wanda aka fi sani a Masar shi ne haikalin Isis da ke tsibirin Fila, kusa da Aswan. Sarki Justiniyan ya tura kwamandansa Narsis ya rufe shi tsakanin 535 da 537, aka kama bokayen, aka kwashe gumakan zuwa Kustantiniya.

Auwal: Kwamanda! Kun ji ko? Soja ne ya rufe.

Anti Rahila: Bayan shekara 200 da mutuwar mutumin da ka ce shi ya gama komai.

Auwal: Anti, mai wayar ne ya ce, ba ni ba. Gobe zai dawo karɓar caja, zan tambaye shi ko ya taɓa jin sunan Filini.